Madara Ba Ta Wanke Huhu, Ɗanladi

Ɗanladi mai fenti ya mutu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaye a tsakar gida da mayafi a kafaɗa, zan fita makaranta. Ƙaninsa Chukwuma ne ya kira. Ya ce, "Malama, Yaya ya..." sai tari ya sarƙe shi. Na tsaya da waya a kunne ina sauraron tarin nan har ya lafa, sannan ya iya ƙarasa min cewa yayansa ya cika a asibiti.

Tarin da na ji a wayar irin na Ɗanladi ne sak. Busasshe, mai ɗan fito a ƙarshe. Da irinsa Ɗanladi ya fara.

Ban je makarantar ba. Raina a ɓace yake, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa na dangana ba.

Sunan da iyayensa suka sa masa Sunday. Ibo ne, Kirista, haifaffen Sabon Gari. Babanmu ne ya mayar da shi Ɗanladi tun yana saurayi yana koyon sana'a, sunan kuma ya bi shi har matarsa ta koma kiransa da shi in tana jin tsokana. Hausarsa ta fi ta yawancin ɗalibaina, ta fi ta wasu malaman ma, ba zan kama suna ba.

Abin da ya sake haɗa ni da shi a bana tarakta ce.

Babanmu malamin gona ne. Da ya yi ritaya ya sayi wata tsohuwar tarakta, ya yi noma da ita har ƙarfinsa ya ƙare. Bayan rasuwarsa ta zauna a kangon bayan gidanmu a Kwaciri, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, tsatsa tana cin ta a hankali. Yayyena maza suka ce a kira 'yan gwangwan su yayyanka ta su auna. Na ce sai dai a yayyanka ni tare da ita. Suka ce ai na faye rigima. Na ce yau kuka sani?

Aka bar min ita a rabona. Makaniki ya tashi injin, saura jiki. Na sa aka ja ta zuwa garejin Ɗanladi.

Ya zagaya ta yana shafa ƙarfen, ya tsaya a gabanta ya ce, "Sannu, Hajiya. Kin sha wuya."

Da taraktar yake, ba da ni ba.

Ni ban san haka fenti yake ba sai a kanta. Na ɗauka kawo gwangwani ne a fesa. Ina! Sai da ya kwance murfin injin da kujera da fitilu da rufin tayoyi, ya jera su a ƙasa. Ya wanke tsohon giris da kananzir, ya sake wankewa da sabulu. Shi da Chukwuma suka bi ta da burushin waya da sanfefa, lungu lungu, har farin ƙarfe ya fito. Inda tsatsa ta huda, aka yi walda, aka cike, aka goge. Duk abin da ba a so fenti ya taɓa, tiyo ne, waya ce, taya ce, suka naɗe da tsofaffin jaridu. Jariduna ne ma, ni na kai musu, ya ce bai taɓa ganin tarakta mai ilimi irin wannan ba.

Bayan wannan sai faraima, wato fentin farko mai ruwan toka da ake shimfiɗawa don ya kama ƙarfe ya hana tsatsa, kafin a zo ga launi.

Ranar da zai fesa faraimar ne na fara ganin yadda suke aiki, kuma tun ranar ban sake samun natsuwa ba.

Sun yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi. Sannan suka zagaye taraktar da tampol, sama da ko'ina, suka toshe duk wata kafa da tsumma. Ɗanladi ya ce ƙuda ɗaya ya sauka a ɗanyen fenti, aiki ya ɓaci. Suka ɗaura hankici a hanci, suka shige ciki su biyu, shi riƙe da bindigar feshi, Chukwuma yana jan masa tiyo. Aka tashi inji.

Ina waje, da nisa, warin yana sara min kai. Su suna ciki.

Da suka fito, girarsu ta yi toka, gashin hancinsu ya yi toka, hankicin ya koma kamar an tsoma shi a koko. Ɗanladi ya kalle ni ya ce, "Malama, ina madararmu?"

Wanda bai taɓa kai mota fenti ba bari in gaya masa. In mai fenti ya gama feshi, sai ya huda gwangwanin madara da ƙusa, ya ɗaga kai ya shanye. Sun yarda, yarda ta har zuciya, cewa madarar tana bi ta wanke fentin da suka shaƙa. Mai mota ne yake sayowa, kamar yadda ake ba da goro. Ku shiga kowane gareji daga Sabon Gari har Fagge, ku duba bayan katanga, za ku ga tarin gwangwanayen.

Ni kuwa aikina ke nan, koyar da yadda jikin ɗan Adam yake. Na gaji da zana huhu a allo. Na karɓi ƙusar daga hannunsa na tsuguna na zana masa a ƙasa.

Na ce, "Ɗanladi, duba nan. Wannan hanyar iska ce, wannan ta abinci. Fenti ya bi nan ya tafi huhu. Madara ta bi nan ta tafi ciki. Ko gaisawa ba sa yi a hanya."

Ya duƙa ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Zanen ya yi kyau, Malama. Amma ubangidana da ya koya min aiki madara ya sha, kuma ya tsufa."

Na ce, "Me ya kashe shi?"

Ya ce, "Tari."

Na ce, "To?"

Ya ce, "Ai tsufa ne ya kawo tarin."

Chukwuma ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Na ce ba zan sayi madarar ba. Ɗanladi ya aika aka sayo musu da kansa, ya ɗaga gwangwanin ya ce, "Lafiyar Malama!"

Washegari na bi shagunan Titin Ibrahim Taiwo har na samo takunkumi na gaske, mai matata biyu a gefe, irin wanda aka yi don masu feshi. Na sayi na kowannensu. Ɗanladi ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya kamar na ba shi kujerar Makka, duk da ba zuwa zai yi ba. Ya ɗaura. Nan take 'yan garejin suka taru.

"Oga Sunday ya zama alade!"

"A'a, ɗan sama jannati ne, ku matsa zai tashi!"

Ya daure ya shiga tampol da shi saboda ni. Bai jima ba ya leƙo, abin yana rataye a wuyansa, gumi yana zuba.

Ya ce, "Malama, ki yafe ni. Zafi ɗaya. Na biyu, ba na jin wari. Ni da hanci nake sanin tinar da ake sirka fenti da ita ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Kin toshe min hanci, kin makantar da ni."

Na ce, "Hancin da kake taƙama da shi kabari zai kai ka."

Ya ce, "Kowa ma da abin da zai kai shi."

Wannan amsar ita na fi tsana a garin nan. Musulmi ya ba ka ita, Kirista ya ba ka ita. A kanta dai kam ba mu taɓa yin rikicin addini ba.

Ba na so ku ɗauka wani wawa nake ba ku labari. Mutum ne mai hankali, mai lura, mai kunya.

Da azumi, in na je duba aiki, ba ya shan ko ruwa a gabana. Sai ya zagaya bayan taraktar ya tsuguna, kamar yaron da ya saci ƙuli.

Duk Kirsimeti matarsa, Maman Ngozi, takan aiko min da shinkafa da kaza. Shi da kansa yake ɗaukar kazar ya kai wa mahauci Musulmi ya yanka, sannan ya kira ni ya ce, "Malama, ki ci ba fargaba, na tsaya a kai har aka yi bismilla."

Ranar da aka yi jana'izar Babanmu, ya rufe gareji ya zo. Bai shiga sahu ba, ya tsaya can gefe riƙe da hularsa a cikin rana. Da aka ɗauki makara ya bi mutane har maƙabarta a ƙafa. An gaya min shi ya riƙa miƙa tulun ruwa ana kwaɓa ƙasa.

Allon ajina ya koɗe har alli ba ya kamawa. Na faɗa a gabansa sau ɗaya, cikin hira. Ran Asabar ya je ya shafe shi baƙi ƙirin, bai gaya min ba. Mai gadi ne ya ce wani Ibo mai Hausa ya zo.

Wannan mutumin ne aka bari yana shan madara.

Tarin ya daɗe tare da shi, ni ce ban sani ba sai da aikin nan ya sa nake ganinsa a kai a kai. Mai kemis ɗin layinsu ya yi ta ɗura masa maganin tari, wannan kwalba ta ƙare a kawo waccan, ja, kore, ruwan ɗorawa, kamar shi ma fenti yake haɗawa. Bai taɓa ce masa je ka asibiti ba. Da ƙyar Maman Ngozi ta ja shi. Likita ya ɗauki hoton ƙirjinsa ya ce ya bar fenti. Magana ta gaskiya, kuma mai sauƙin faɗa a ɗaki mai sanyi.

Ni na sha halartar taron bita a kan lafiyar ma'aikata, a otal, da lemo da naman kaza da jaka mai tambari. Daga ƙofar otal ɗin zuwa garejin Ɗanladi ko Adaidaita ba ka buƙata. Ban taɓa ganin ɗaya daga cikin masu jawabin ya taka can ba, sai in motarsa ce aka goga.

Ganina na ƙarshe da shi, makon jiya ne.

Na tarar da taraktar a tsaye, duk jikinta ruwan toka, sumul, an goge faraimar da sanfefa mai laushi, launi kawai take jira. Shi kuma yana zaune a benci, abin da ban taɓa gani ba da rana tsaka. Leɓɓansa sun yi duhu. In zai yi magana sai ya raba ta biyu ya huta a tsakiya.

Ya yafito ni. Ya ɗauko wani ɗan ƙarfe da ya kwance daga ƙarƙashin kujerar taraktar, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba. Asalin launinta yana nan a jiki, ja mai duhu. Kusa da shi ya jera murafan gwangwani, kowanne da ɗigon jan da ya haɗa, yana gwadawa.

Ya ɗaga ɗaya ya kara da ƙarfen. Ya ce, "Kin gani? Wancan duk jan kasuwa ne. Wannan shi ne jan Baba."

Wallahi shi ne. Ina ganinsa na ga Babanmu a kai, da malafarsa.

Maimakon in yi godiya, sai na hau shi da faɗa. Na ce ya tashi mu tafi asibiti yanzu. Na ce ban son jan, ban son taraktar, ya bar ta haka. Na ce shi da wanda ya sha guba da gangan ban ga bambancinsu ba. Na ɗaga murya har masu walda suka kashe wuta suna kallonmu.

Ya bari na gama. Ya yi murmushi ya ce, "Malama, ke dai da Baba ya haife ki namiji, da an sha wuya a Fagge. Bari in ɗan ji ƙarfi. In na fesa mata jan nan, ki kai ni duk inda kike so."

Bai ji ƙarfin ba. Da aka kai shi asibitin, a kwance aka kai shi.

Kada wanda ya ce min in yi nadamar faɗan da na yi masa. Ban yi ba. Da na san na ƙarshe ne da na ƙara.

Kuma na san taraktata ba ita ta kashe shi ba. Motocin rabin garin nan sun bi ta ƙirjinsa kafin ita. Ita ce dai ta ƙarshe a layi, kuma sanin hakan bai sa na iya cin abinci yau ba.

Da hantsi na je gidansu a Sabon Gari. Mata sun cika ɗaki suna waƙar coci a hankali. Maman Ngozi ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, kin faɗa masa. Ni ma na faɗa masa." Na tambayi Chukwuma, aka ce ya fita tun ɗazu.

Na san inda zan same shi.

Yana gareji, shi kaɗai, ranar da yayansa ya mutu. Ya yayyafa ruwa a ƙasa. Yana ɗaura tampol.

Na ce, "Chukwuma, me kake yi?"

Ya ce, "Gawa za ta ɗan jima a ɗakin ajiya kafin mu kai shi garinmu. Kafin nan zan gama miki. Ya riga ya haɗa launin, fesawa ce kawai."

Na ce, "Ba za ka fesa ba."

Ya ce, "Malama, ba zan kai Yaya gida da aikin mutane a wuyansa ba. A wurin binnewa za a tambaya ko ya bar wani abu bai gama ba. Me zan ce?"

Na ce, "Ka ce mai aikin ta yafe."

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ki dubi gabas. Hadari ya fara haɗuwa. Faraima shan ruwa take yi. In damina ta same ta a haka, tsatsa za ta taso ta ƙarƙashi, duk gugar da Yaya ya yi ta tashi a banza. Da numfashinsa ya yi aikin nan. Ki bar shi ya lalace?"

Na ce, "Ta ruɓe. Ta narke ta koma ƙasa. Ƙarfe ne."

Ya kalle ni kamar na zagi mamacin. Wataƙila a wurinsa zagin na yi. Sai tarin ya zo masa, ya dafa tayar taraktar ya duƙa, na tsaya ina kallon bayansa yana jijjiga. Mutum ne da ya ba arba'in baya, mai 'ya'ya, amma a lokacin ji na yi kamar in ɗauke shi da mari, in kuma goya shi.

Da ya ɗago na ce masa na riga na kira mai janwe, motar jan motoci, yau za a mayar da taraktar Kwaciri yadda take.

Ya ce, "To, ki ɗauke." Ya nuna bayana da haɓa. "Waccan bas ɗin fa? Yaya ne ya karɓa. Da waccan motar. Su ma za ki kira musu janwe?"

Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, sai na kauce wa tambayar.

Na ce, "Naka takunkumin yana ina?"

Ya ce yana gida, a cikin ledarsa, Yaya ya ce a adana kayan Malama kada su yi datti.

Na ce, "Gobe da safe zan zo in ɗauke ka, mu je a ɗauki hoton ƙirjinka."

Ya ce, "In sun ga wani abu fa?"

Na ce, "Sai a yi magani tun da wuri."

Ya ce, "Sai su ce in bar fenti. Abin da suka ce wa Yaya ke nan. Malama, daga yau gida biyu ne a kaina. In bari in kama me?"

Na ce ban sani ba. Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, babu wanda ya ba ni amsar wannan. Na ce duk da haka zan zo.

Ya ce, "Allah ya kai mu."

Duk wanda ya tashi a Kano ya san irin wannan "Allah ya kai mu" ɗin.

Taraktar tana bayan gidanmu yanzu, ruwan toka, ba fitilu, jaridu naɗe a tayoyinta. Na ga yayyena sun leƙo sun koma, sun kyauta wa kansu. Ruwan farko zai same ta a nan, na sani, kuma zan ji shi yana sauka a kanta.

Masu shirin cika min ƙasan rubutun nan da fatawa a kan wa ake yi wa addu'a da wanda ba a yi wa, ku huta, na je islamiyya kafin a haifi wasunku. Ɗanladi ya koma ga wanda ya halicce shi, kuma Shi ba ya zaluntar kowa. Ba ni da abin ƙarawa a nan, ku ma ba ku da shi.

Masu mota kuma, in kun kai fenti aka ce ku kawo madara, ku sani ba magani kuka saya ba. Ban ce kalmata za ta canza komai ba. Na zana a ƙasa, na yi faɗa, na sayo abin da ya kamata, ga inda muka ƙare.

Ya Allah, ka ba Maman Ngozi da 'ya'yanta haƙuri, ka rufa musu asiri, kada ka bar su a hannun wanda zai wulaƙanta su. Ka saka wa gidan nan da alherin da suka yi wa gidanmu. Ka dubi duk wanda yake shiga cikin tampol don ya ciyar da iyalinsa. Ya Allah, ga Chukwuma. Abin da ya fara a ƙirjinsa ka tsayar da shi, ka buɗa masa wata hanyar abinci, don ni ban ga ko ɗaya ba.

Ku da kuka karanta har nan, Musulminku da Kiristanku, ba na neman ku danna komai. Mamacin ya wuce inda surutuna zai kai. Don mai ran nake roƙon ku. Gobe da safe zan tsaya a ƙofar gidan Chukwuma da mota a kunne, kuma zuciyata tana gaya min zan tarar ya riga ni fita.

Ku roƙa min Allah ya ƙaryata ni.